Babi na Shida: Fargar Jaji a Gidan Masu Sharhi

Ruwan sama ne ke fara sauka. Idan ka ɗora allura a kan faifan, kafin ka ji jita ko ganga, yayyafi za ka ji yana ƙaruwa, aradu tana rugugi daga nesa, ƙararrawar coci tana bugawa ɗaiɗai kamar ana shelar rasuwa. Sai an ɗauki fiye da rabin minti a haka sannan jita ta faɗo. Sauti uku ne kacal, kuma a hankali suke tafiya, kamar ɗan dako da buhu a ka yana hawan tudu. Na farko a ƙasa, na biyu ya yi tsalle sama, na ukun kuwa ya je ya tsaya a inda kunne ba ya so, yana karkarwa, ya ƙi komawa gida. Masana kiɗan Turai sun daɗe da laƙaba wa wannan tazarar suna da harshen Latin, suna kiranta shaiɗanin cikin kiɗa.

Haka kundin farko na ƙungiyar Black Sabbath ya buɗe. Kamfanin Vertigo ne ya sake shi a Ingila ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1970, ranar da Turawa ke camfa ta da rashin sa'a, kuma da gangan aka zaɓe ta. A yini guda aka ɗauki kiɗan a wani ƙaramin sutudiyo a Landan mai suna Regent Sound, ƙarƙashin kulawar Rodger Bain. Samarin nan huɗu sun shiga, sun kaɗa abin da suka saba kaɗawa a gidajen rawa, suka tattara kayansu, washegari suka kama hanyar Suwizalan inda wani ɗan aiki ke jiransu. Kundin ya kai na 8 a jadawalin cinikin Birtaniya, ya kai na 23 a na Amurka, alhali gidajen rediyo ba su damu da sa shi ba.

A watan Satumba na wannan shekarar mujallar Rolling Stone ta buga sharhin Lester Bangs. Bangs bai rage musu komai ba. Ya ce baitocinsu shirme ne, ya ce mai jita da mai bes kowa gudunsa yake yi ba sa haɗuwa, sannan ya rufe da cewa kwaikwayon ƙungiyar Cream ne kawai, amma mara kyau. Robert Christgau na jaridar Village Voice a New York, wanda ke raba wa kundaye maki da haruffa kamar malamin aji yana duba jarrabawa, shi ma bai ba kundayensu na farko makin kirki ba.

Yau babu littafin tarihin kiɗan rok da zai tsallake wannan faifan. Da yawa daga nan suke fara ƙirga shekarun kiɗan da ake kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. To me ya toshe kunnen mutanen da sauraro ne sana'arsu?

Sai mun koma Birmingham tukuna. Birmingham garin maƙera ne, garin tama da narkakken ƙarfe da injinan da ke bugu dare da rana, kuma unguwar Aston inda samarin suka tashi tana cikin waɗanda bama-baman Jamus suka ragargaza a Yaƙin Duniya na Biyu. Yara sun taso suna wasa a kangaye. Ozzy Osbourne, mawaƙin, ya bar makaranta yana da shekara 15, ya yi aiki a kwata, ya yi a kamfanin da ke haɗa odar mota, ya taɓa fasa shago ya kwashe makonni shida a gidan yarin Winson Green saboda mahaifinsa ya ƙi biya masa tara. Geezer Butler, mai bes kuma marubucin yawancin baitocin, ɗan gidan Katolika ne 'yan asalin Ayalan. Bill Ward ne a kan ganguna. Sai Tony Iommi, wanda labarinsa ya cancanci a zauna a kansa.

Iommi yana da shekara 17 yana aiki a masana'antar sarrafa fallayen ƙarfe. Ya riga ya ajiye takardar barin aiki domin ya samu gurbi a wata ƙungiyar makaɗa da za ta tafi Jamus. A ranarsa ta ƙarshe ya zo gida cin abincin rana, ya ce shi kam ya gama, mahaifiyarsa ta ce ya koma ya cika yinin kamar yadda mutumin kirki ke yi. Ya koma. Matar da ke kula da injin matse ƙarfe ba ta zo ba ranar, aka tsayar da shi a wurinta, ga shi bai san injin ba. Injin ya sauko ya datse kan yatsunsa biyu na hannun dama, na tsakiya da na zobe. Iommi bahago ne, don haka hannun daman shi ne mai danne tsirkiya. Likitoci suka ce ya manta da jita.

Wani shugabansa na wurin aiki ne ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jaz da gobara ta shanye wa yatsu biyu a 1928 amma ya ci gaba da kiɗa har ya zama gagarau. Iommi ya saurara, sannan ya ɗauko robar sabulun wanke-wanke, ya narka ta ta dunƙule, ya huda dunƙulen da ƙarfe mai zafi har ya yi daidai da dungulmin yatsa. Ya zauna yana goge shi da samfefa kwana da kwanaki. Da ya ga roba tana zamewa a kan tsirkiya, sai ya yanko fata daga wata tsohuwar jaket ya manna a kai. Hular yatsa ke nan guda biyu. Amma roba ba ta jin abin da take taɓawa, kuma danna tsirkiya mai kauri azaba ce a kan tabo, don haka ya nemi tsirkiya mafi siranta, har ta banjo ya ɗauko ya ɗaura. Daga baya, a kundinsu na uku, Master of Reality na 1971, ya sassauta ɗaurin tsirkiyoyin gaba ɗaya, sautin ya faɗa ƙasa, ya yi kauri, ya yi duhu. Butler ya sauke nasa don su daidaita. Wani ɓangare na nauyin da dubban ƙungiyoyi suka kwashe shekara hamsin suna kwaikwayo, asalinsa dabarar mai rauni ce da ke neman sauƙin ciwo.

A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, domin mun san sana'a tana da kiɗanta: dundufa ta maƙera, kalangu na mahauta. Mun kuma san yadda wanda kunnensa ya saba da taushi da kotso a ƙofar fada yake yatsina fuska idan ya ratsa ta kwata ana cashewa. Ƙungiyar da ta haɗa tsohon ma'aikacin ƙarfe da tsohon ma'aikacin kwata, an kai ta gaban alƙalan da suka saba da wani kiɗan daban.

Su wane ne alƙalan? A 1970 sharhin kiɗan rok jariri ne. Jann Wenner da Ralph Gleason sun kafa Rolling Stone a San Faransisko a 1967, kuma babban burin marubutan wannan zamani shi ne su nuna wa manya cewa rok ba shirmen yara ba ne, fasaha ce da ta isa a zauna a tattauna ta kamar adabi. Don haka suka riƙe mudu biyu. Na farko baiti: shin kalmomin suna da zurfi irin na Bob Dylan? Na biyu asali: shin makaɗin ya san bulus na baƙaƙen Amurka, yana girmama shi, yana da gwanintar yatsu irin ta Eric Clapton, mai jitar Cream? Duk abin da aka kawo da waɗannan mudu ake auna shi. Black Sabbath kuwa kayansu ba na mudu ba ne. Ƙarfinsu yana cikin abin da makaɗa ke kira rif, ɗan gajeren zubin kiɗa da ake nanatawa har ya zauna a ƙirji, kusan yadda take yake a bakin ganga, wanda da ka ji bugu uku ka san na wane ne. Rif ba ya karantuwa a takarda. Wanda ya zauna da alƙalami yana jiran baiti mai hikima zai ga kamar ba a ce komai ba, alhali yaron da ke tsaye gaban lasifika a wani zaure a Birmingham ko Detroit hanjinsa ne ke kaɗawa.

Da sauƙi a ce rigimar ta 'yan boko ce da 'ya'yan leburori, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: Christgau ya yi jami'ar Dartmouth, John Mendelsohn da za mu zo kansa ɗalibin jami'a ne a Los Anjalis. Amma Bangs ya ɓata wannan lissafin. Shi ba ɗan gata ba ne. Ya tashi a El Cajon ta jihar Kalifoniya, mahaifinsa ya mutu a gobara yana yaro, mahaifiyarsa mai tsananin riƙo da addini ce, kuma takalma yake sayarwa a shago lokacin da ya fara aika wa Rolling Stone rubutu. An haife shi a Disambar 1948, kwana goma sha ɗaya bayan Ozzy Osbourne. Sa'o'in juna ne, talaucinsu ma ya yi kama. Mudun da ya ara ne ya cuce shi.

Kuma in za a yi adalci, Bangs bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Juya faifan ka saurari ɗaya fuskar. Akwai waƙar Warning, wadda suka aro daga ƙungiyar Aynsley Dunbar, ta haura minti goma, mafi yawanta Iommi ne ke yawo da jita shi kaɗai irin na 'yan Cream, kuma lallai bai kai Clapton ba a wannan fagen. Akwai Evil Woman, ita ma aro ce daga wata ƙungiyar Amurka mai suna Crow. Wanda ya ce ya ji Cream a nan kunnensa lafiya lau. Laifin Bangs shi ne ya ji abin da ya sani ya yanke hukunci a kansa, ya tsallake mintuna shidan farko inda abin da bai taɓa ji ba yake zaune. Ni a ganina wannan shi ne ciwon mai sharhi a ko'ina: tsohon abu yana da suna a bakinsa, sabon kuwa ba shi da shi, kuma alƙalami ya fi saurin rubuta abin da ke da suna.

Sai batun shaiɗan. Kamfanin ya buga hoton wata mata cikin baƙaƙen kaya a gaban tsohon injin niƙa na ruwa da ke Mapledurham, a ciki kuma ya zana gicciye a kife ba tare da ya shawarci samarin ba. Sunan ƙungiyar ma daga fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko, wanda Boris Karloff ya fito a ciki, bayan sun lura mutane na biyan kuɗi a silima don a tsorata su. Masu sharhi suka ɗauka tsafi ne na wasan yara, iyaye suka ɗauka tsafi ne na gaske. Amma wanda ya bi baitocin Butler zai ga mai waƙar gudun shaiɗan yake yi, yana neman Ubangiji ya cece shi. War Pigs, wadda ta buɗe kundinsu na biyu mai suna Paranoid, tsinuwa ce ga janar-janar da 'yan siyasa masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi, a daidai lokacin da Biyetnam ke cin samarin Amurka. Gicciyen da suke ratayawa a wuya, mahaifin Ozzy ne ya ƙera musu da hannunsa don tsari.

A shekarar da ta gabaci sharhin Bangs, ƙungiyar Led Zeppelin ma sun sha irin nasu. A Maris 1969 Mendelsohn ya rubuta a Rolling Stone cewa kundinsu na farko bai kawo abin da ƙungiyar Jeff Beck ba ta riga ta yi da kyau ba, ya ce makaɗinsu Jimmy Page gwanin jita ne amma raggon marubucin waƙa. Abin ya tsaya wa Page a rai, shi da ya biya kuɗin ɗaukar kundin daga aljihunsa. 'Yan jarida suka yi ta cewa talla ce da kuɗin kamfanin Atlantic suka ɗaga su. Da aka zo kundi na huɗu a Nuwambar 1971, sai Page ya ce a fitar da shi ba suna: ba sunan kundi, ba sunan ƙungiya a bango, hoton wani tsoho kawai ɗauke da damin itace. Kamfanin ya ce wannan kashe kai ne. Kundin ya sayar da fiye da kwafi miliyan 20 a Amurka kaɗai.

Abin da ya sa nake ganin girman Bangs duk da kurensa shi ne abin da ya yi bayan nan. Ya koma ya sake saurara. Da Master of Reality ya fito ya fara sassautowa, sannan a 1972 ya rubuta doguwar maƙala kashi biyu a mujallar Creem ta Detroit inda ya lashe amansa a bainar jama'a. Ya ce samarin nan masu wa'azi ne, masu kallon duniya ta fuskar zunubi da sakamako irin na Katolika, har ya jera su da Dylan wajen faɗin gaskiyar zamaninsu. Shekara biyu kacal tsakanin sara da yabo, kuma a lokacin babu wata riba a yabon Black Sabbath, abokan sana'arsa dariya ma za su yi masa. A 1973 Wenner ya sallame shi daga Rolling Stone bisa zargin rashin ladabi ga mawaƙa. Ya rasu a New York a 1982 yana da shekara 33.

Sauran ba su bi shi ba. Shekarun 1970 suka wuce ana cika filayen wasa, ana sayar da miliyoyin faifai, manyan mujallu suna kallon abin a matsayin cutar ƙuruciya da za ta warke da kanta. Da masoya suka gaji da jira sai suka kafa kotunsu. A Yunin 1981 Geoff Barton na jaridar kiɗa ta Sounds ya fitar da Kerrang! a Landan, da hoton Angus Young na AC/DC a bango. Sunan mujallar kwaikwayon ƙarar jita ne idan an daka mata duka guda, kuma maimakon taurari, da harafin K take ba da maki, daga ɗaya zuwa biyar. Ƙarƙashin wannan kuma akwai wata kasuwar da ba ta da ofis: samari suna kwafar kaset suna aika wa juna ta gidan waya daga ƙasa zuwa ƙasa, suna buga 'yan ƙananan mujallu da injin kwafi. Ta wannan hanya kaset ɗin gwaji na ƙungiyar Metallica na 1982 ya zaga duniya kafin wani kamfani ya san da su. Mai gangarsu, Lars Ulrich, ɗan Denmak ne da ya taso yana haddace irin waɗannan shafuka.

Ranar da tazarar da ke tsakanin kotunan biyu ta fito fili ita ce 22 ga Fabrairu, 1989. A karon farko masu kyautar Grammy sun ware rukuni na rok mai tsauri da metal. Kowa ya san Metallica ce za ta ɗauka da kundinta ...And Justice for All. A daren ma sun hau dandamali sun yi waƙar One. Alice Cooper da Lita Ford suka buɗe ambulan, sai ga sunan Jethro Tull, ƙungiyar da aka fi sani da busa sarewa, da kundinsu Crest of a Knave. Aka yi ta ihun ba-ma-yi daga saman zaure. Su Jethro Tull ba su ma halarta ba, domin kamfaninsu ya ce kada su ɓata kuɗin jirgi. Daga baya kamfanin ya buga talla yana tsokana cewa ai sarewar ma da ƙarfe aka yi ta, kuma tana da nauyi.  Shekara ta gaba aka raba rukunin biyu, Metallica ta ci, kuma da suka sake ci a 1992 Ulrich ya gode wa Jethro Tull da ba su fitar da kundi ba a shekarar.

To yaya aka yi hukuncin ya juye? Ba wani taro aka yi ba, kuma mafi yawan tsofaffin alƙalan ba su sake zama sun saurara ba. Yaran ne suka girma. Wanda yake da shekara 13 a 1971 yana kulle ɗaki da Paranoid, a 1991 shi ne editan shafi, shi ne mai gabatar da shiri, shi ne makaɗin da ake yayi. Da ƙungiyoyin Siyatil irin su Nirvana da Soundgarden suka mamaye kasuwa, masu sharhi suka rungume su, sai aka tambaye su wa suka gada, suka ambaci Black Sabbath ba kunya. Ba yadda za ka yabi ɗa ka ci gaba da zagin uban. A 2003 Rolling Stone ta fitar da jerin kundaye 500 mafi daraja, ta sa na farkon Led Zeppelin a lamba 29, ta kuma sa na farkon Black Sabbath a ciki. A 2016 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya shigar da Master of Puppets na Metallica cikin taskar sautukan da ƙasa za ta adana. A 2017 mujallar da ta buga saran Bangs ta jera kundayen metal 100, Paranoid a kan gaba, Master of Puppets na biye.

Ozzy ya hango wannan fargar Jajin tun da wuri kuma bai yi murna da ita ba. A 1999, bayan an sha sa sunansu a takarar shiga zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame ana tsallake su, ya rubuta takarda ya ce a cire su, tun da ba masoya ne ke zaɓe ba, 'yan masana'anta ne da 'yan jarida waɗanda ba su taɓa sayen faifansu ba. Wenner na cikin waɗanda suka kafa zauren. Sai a 2006 aka shigar da su, James Hetfield da Ulrich na Metallica suka gabatar da su, Ozzy kuma ya je ya karɓa.

Ni dai wannan yabon na baya-bayan nan bai cika burge ni ba. Sanya Paranoid a lamba ta ɗaya a 2017 ba ya buƙatar kunne, ƙidaya kawai yake buƙata. Sharhin Bangs na 1970, da kurensa da komai, ya fi waɗannan jerin amfani, domin mutum ne ya zauna da sabon abu, ba wanda ya gaya masa abin da zai ji, ya faɗi ra'ayinsa ya sa sunansa. Kuma tsoron maimaita kuren Bangs ya haifar da nasa kuren. A 2003 Metallica ta fitar da St. Anger, kundin da babu kiɗan jita na gwaninta a cikinsa, ƙaramar gangar Ulrich kuma tana ƙara kamar ana dukan garwa. Rolling Stone ta ba shi taurari huɗu cikin biyar, Grammy ta ba waƙar da ke ɗauke da sunan kundin kyauta. Masoya kuwa har gobe da wannan garwar suke yi wa ƙungiyar ba'a. Hukumar da ta hana su lokacin da suka cancanta ita ce ta miƙa musu lokacin da magoya bayansu ke toshe kunne.

Kada kuma a ɗauka kotun masoya ta fi adalci. Tana da nata mudun, kuma ya fi na 'yan jarida ƙanƙanta: nauyi, sauri, da riƙe al'ada. A 2011 Metallica ta haɗa kai da mawaƙi Lou Reed suka yi kundin Lulu, bisa wasannin kwaikwayon marubucin Jamus Frank Wedekind, dattijo yana karanto baitoci masu ɗaci a kan rugugin jita. A nan kotunan biyu suka haɗu suka yi masa rubdugu. Mujallar Pitchfork ta ba shi 1.0 cikin 10, masoya suka mai da shi abin barkwanci. Reed ya rasu a 2013. A 2015 matarsa Laurie Anderson ta faɗa a bainar jama'a cewa David Bowie ya gaya mata wannan ne aikin Reed mafi girma, kuma mutane za su ɗauki shekaru kafin su cim masa. Na saurari Lulu sau uku, har yanzu ina gefen masu toshe kunne, amma duk lokacin da zan faɗi haka sai Satumbar 1970 ta faɗo mini a rai, in rage murya.

Irin wannan labarin ya taɓa ratsowa ta ƙofarmu. Mdou Moctar, Buzun Nijar, shi ma bahago, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta na waƙoƙin finafinan Hausa. Babu mujallar da ta yi sharhinsa. Ta katin waya da bulutut waƙoƙin suka bi Sahara daga hannu zuwa hannu, kamar kaset ɗin Metallica a ambulan, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ya sa ɗaya a tarin da ya fitar. Da Afrique Victime ya fito a kamfanin Matador a 2021, masu sharhin Amurka da Ingila suka yi ta yabo, suka sa shi cikin fitattun kundayen shekara. Amma duba mudun da suka auna shi da shi: makaɗan jita Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Sunayen da ke bakinsu ke nan. Shi kuwa Abdallah Oumbadougou yake ambata idan an tambaye shi wanda ya sa shi ɗaukar jita, kuma a gidajen biki na Agadas ya goge. Wannan karon abin da suka sani ya sa su yabo maimakon sara.

A Birmingham kuwa, garin da ya daɗe bai san abin da zai yi da 'ya'yan nan nasa ba, a 2019 aka raɗa wa wata gada a titin Broad sunan ƙungiyar, aka kafa benci mai hotunansu huɗu. A 2023 ƙungiyar rawar bale ta birnin, ƙarƙashin Carlos Acosta, ta shirya wasa sukutum a kan kiɗansu. Ranar 5 ga Yuli, 2025, su huɗun na asali suka hau dandamali karo na ƙarshe a filin ƙwallon Villa Park, cikin Aston, 'yar tafiya kaɗan daga gidan da Ozzy ya tashi. Metallica na cikin waɗanda suka share musu fage. Ozzy a zaune ya yi waƙa, a kan wata baƙar karaga, domin cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa. Kwana goma sha bakwai bayan nan ya rasu yana da shekara 76. Waƙa huɗu suka yi a daren. Uku daga Paranoid, ɗaya kuma, N.I.B., daga faifan nan na yini guda da aka ce kwaikwayon Cream ne mara kyau. Iommi, mai shekara 77, ya kaɗa ta da irin hulunan nan biyu a kan yatsunsa.